Hannun da Doña Eduviges Ta Ɗaure

Ranar Laraba, ashirin da shida ga watan Agusta na shekarar 1987, akwai samari talatin da huɗu a makarantar besbol, wasan da ake jefa ƙwallo a doke ta da sanda, wadda wata ƙungiyar Amurka ta buɗe a bayan garin San Pedro de Macorís: masu jifa goma sha biyar, masu cafke huɗu, masu tsaron cikin fili takwas, masu tsaron bayan fili bakwai. Gasar bazara ta ƙare tun ran Lahadi, kuma takarda ta iso daga ƙungiyar a Amurka cewa a sallami tara kafin Litinin, domin a samar wa sababbin zuwa gadaje. Wanda aka ɗora wa nauyin fitar da sunayen nan tara shi ne Don Primitivo Hodge, wanda ake kira Don Primo, ɗan shekara sittin da takwas, wanda ya fara duba wa ƙungiyar yara tun 1958.

Kakansa ya zo daga tsibirin Anguilla a 1912 don yankan rake a Consuelo, ya zo da Turancinsa da littafin addu'arsa da wasan kurket. 'Ya'yan baƙin nan ne suka ajiye kurket suka ɗauki besbol, kuma shi Primitivo ya yi shekara goma sha ɗaya yana tsugune a bayan mai duka yana cafke wa ƙungiyar kamfanin sukari, shi ya sa babu yatsa ɗaya miƙaƙƙe a hannunsa na dama. Aikinsa na yanzu na ido ne da fensir. Abu biyar yake aunawa a jikin kowane yaro: iya duka, ƙarfin duka, gudu, cafke, da hannu, wato ƙarfin jifa. Kowanne yakan ba shi maki tsakanin ashirin da tamanin; hamsin shi ne tsaka-tsakin ɗan wasan babbar gasar Amurka. An san shi da rowar maki. A shekara ashirin da tara sau biyu kaɗai ya taɓa rubuta tamanin, kuma yakan ce ɗaya daga ciki ma ya yi gaggawa.

Sunaye takwas ba su ba shi wahala ba. Na taran ne ya zaunar da shi a ƙarƙashin rumfar 'yan wasa har rana ta karkata, littafi a buɗe a kan cinyarsa. Nicanor Ozoria sunan yaron, mai tsaron bayan fili, shekararsa goma sha takwas da rabi, kuma Don Primo ne da kansa ya ɗauko shi daga Cañada Honda, wata unguwar masu yankan rake da ke kan hanyar Hato Mayor. Gudunsa ne ya ja hankalinsa a lokacin: yadi sittin cikin daƙiƙa shida da ɗigo bakwai, ba takalmi. Amma bazara biyu sun wuce, dukansa bai haura talatin da biyar ba, hannunsa kuma ya tsaya a arba'in ya ƙi motsi. Ga doguwar kafaɗa, ga dogayen yatsu, ga shi shi ne na farkon fita atisaye kuma na ƙarshen shiga, amma in ya zo jifa sai ka ga ƙafafunsa na gardama da hannunsa, kamar wanda ya aro damtsen wani ya ɗaura. An gyara masa taku sau ba adadi. Yakan ce to, ya yi daidai na kwana biyu, ya koma.

Plinio Abad, shugaban makarantar, ya same shi a nan ya zauna kusa da shi. Shi ma Don Primo ne ya ɗauke shi a 1964, kuma shi ne ya sallame shi a 1967, saboda haka akwai wasa a tsakaninsu. Ya leƙa littafin ya ga sarari a lamba ta tara, ya ce ya san sunan da fensirin ke jin nauyi.

"Rubuta, tsoho. Ni ma ka kore ni, ga ni nan ban mutu ba, har ni nake ba ka umarni."

"Kai ai ban yi minti biyu a kanka ba. Ƙwallo ce take ganinka ta canja hanya."

Plinio ya yi dariya, sannan ya sassauta murya ya ce shi ma yana son yaron, kowa na sonsa, har mai dafa abinci takan ɓoye masa cinyar kaza. Amma in aka bar shi, to wanda ya fi shi maki ne zai tafi a madadinsa. Don Primo ya san haka. Bai taɓa ƙara wa yaro maki biyar saboda ƙauna ba, kuma ba a kan wannan zai fara ba. Ya rubuta sunan.

Yana da wata al'ada da babu wanda ya ɗora masa ita. Duk yaron da shi ya ɗauko daga gidansu, ranar sallama shi yake mayar da shi, ya faɗa wa iyayensa baki da baki. Yakan ce abin da ka karɓa a hannun mutum, a hannunsa ake mayar masa. Ran Juma'a da safe ya sa farar rigarsa ta zuwa coci, suka shiga ƙaramar bas shi da Nicanor, suka sauka a mararraba, 'yan babur biyu suka ƙarasa da su ta cikin gonakin rake. Lokacin zaman banza ne, injin sukari a kashe, yanka ba zai fara ba sai Disamba. Yaron bai yi kuka ba a hanya. Abu ɗaya ya tambaya, ko zai iya riƙe safar hannunsa ta fata, aka ce tasa ce. Daga nan ya koma kallon raken, kuma Don Primo ya san lissafin da yake yi: wata uku da 'yan kwanaki, sai adda.

Kakarsa ce ta rene shi, Doña Eduviges, domin uwarsa na aiki a Curaçao tun yana goye. Suka tarar da ita a bakin ƙofar ɗakinta na katako tana ɓare rogo, gajeriyar tsohuwa mai ɗankwali ja. Nicanor ya rusuna ya nemi albarka, ta sa masa. Ta dubi farar rigar, ta dubi jakar da ke kafaɗar jikanta, ba ta bukaci bayani ba. Duk unguwannin rake sun san ma'anar Don Primo da farar riga ran Juma'a. Ta sa aka fito da kujera, ta ce ba a faɗin irin wannan magana a tsaye, kuma ba a faɗinta kafin kofi. Sai da ya sha rabin kofin ta yi tambayoyinta guda uku: ya yi sata, ya yi wa wani rashin kunya, ya yi lalaci? Ya ce ko ɗaya, kuma a shekarunsa na aiki bai riƙe yaro mai ladabi kamarsa ba. Ta ce to, sauran na Allah ne, ta ci gaba da ɓare rogonta, sai dai wuƙar ta rage sauri.

Ana cikin haka kaji suka ɗau kuka a bayan ɗaki. Tunku ne, irin wanda aka shigo da shi tsibiran nan a ƙarni na goma sha tara don ya cinye ɓerayen rake, shi kuwa ya ga kaji sun fi sauƙin kamu. Ya cafki ɗan tsako ya miƙe da shi ya nufi gona. Nicanor na tsaye da jaka a kafaɗar dama. Bai sauke ta ba. Ya sunkuya ya ɗauki dutse, ya yi taku ɗaya, ya sake shi. Dutsen ya tafi a miƙe, bai yi baka ba, ya sami dabbar a haƙarƙari tana dab da shiga raken, ta saki tsakon ta yi birgima ta ɓace.

Don Primo ya ajiye kofin a ƙasa a hankali. Nisan ya kai yadi talatin da biyar. Amma ba nisan ne ya ba shi mamaki ba. Ƙafa da ƙugu da kafaɗa da yatsu sun tafi tare kamar ruwa a kwararo, babu gardama ko kaɗan, kuma da hannun hagu aka yi jifan.

"Nicanor," in ji Doña Eduviges, ba tare da ta ɗaga murya ba. "Wane hannu na gani?"

Yaron ya ɓoye hannun a bayansa kamar ɗan shekara biyar, ya ce ta yi haƙuri, tsakon ne, bai yi tunani ba. Don Primo ya miƙe ya ce masa ya ɗauki wani dutsen ya sake yi. Nicanor ya dubi ƙasa ya ce ba zai iya ba, Don Primo ya gafarce shi, alkawari ya yi.

Tsohuwar ce ta ba da labarin, tana yi tana jefa rogo a roba. Mijinta, Telésforo, bahago ne. Masu yankan rake a jere suke shiga gona, kowa na sara daga dama zuwa hagu, addunan na tafiya gefe guda, shi ya sa mutum ke iya aiki taku biyu daga ɗan'uwansa. Addar bahago kuwa tahowa take ta inda ba a jiranta. A yankan 1951 addarsa ta sami hannun amininsa Benito, wanda ya tsaya wa ɗansu na fari a baftisma, ta ɗauke masa yatsu uku. Babu wanda ya kai ƙara, Benito ma bai daina gaishe shi ba. Amma daga ranar shugaban aiki ya ware Telésforo can ƙarshen gona shi kaɗai, kuma a can ya yi shekara goma sha takwas, ba mai yi masa hira, ba mai amsa masa waƙa, har ya rasu a 1969. Da ta ga jikanta yana miƙa hagu wajen karɓar abinci tun bai iya magana ba, ta san rake na jiransa kamar yadda yake jiran kowa a nan. Ta sa hannun a cikin safa ta ɗaure shi a ƙugunsa, kullum daga safe zuwa la'asar, tun yana shekara uku har ya kai bakwai. Ranar da ya fara karɓar jibin Ubangiji a coci ya yi mata alkawari a gaban bagade. Safar ƙwallo ɗaya tak da ke unguwar ma ta na-dama ce, saboda haka da ya fara wasa bai sami abin da zai tuna masa ba.

Don Primo ya koma ya zauna. Kunya ce ta fara kama shi kafin murna. A takardar ɗaukar yaro akwai gurbin da ake rubuta hannun jifa, kuma kusan shekara biyu da suka wuce ya tambayi yaron da wane hannu yake jifa, aka ce dama, ya rubuta. Bai tambayi da wane aka haife shi ba. Wata goma sha tara yana kallon ƙafafun nan suna faɗa masa gaskiya, yana cewa a gyara su.

Ya fara lallashinta ta hanyar da ya saba da ita, wadda ba ta dace ba. Ya ce mata bahagon mai jifa abu ne mai wuyar samu, a cikin masu jifansu goma sha biyar biyu ne kacal, ƙungiyoyi na haƙuri da bahago shekaru bayan sun gaji da na-dama, domin ƙwallonsa na zuwa wa mai duka ta inda bai saba ba. Ta ce wannan ta sani, haka addar mijinta ta zo wa Benito. Ya ga ya taka inda bai kamata ba. Da ta tambaye shi ko yana yi mata alkawarin yaron zai kai Amurka, ya ce a'a. Ya ce a cikin ɗari da yake ɗauka, waɗanda ke kaiwa babbar gasa ba su cika yatsun hannu ɗaya ba, kuma wannan zai fara ne daga farko a shekarun da wasu suka yi nisa. Abin da ya sani kawai shi ne ya auna hannun da ba shi ba, kuma yana roƙon a bar shi ya auna na gaskiyar.

Ta ajiye wuƙar. Ta ce ita ba ta taɓa shiga filin ƙwallo ba, a rediyon maƙwabta take ji, ya nuna mata inda mai jifa ke tsayawa. Ya ɗauki tsinke ya zana mata filin a ƙasa, kusurwa huɗu, ya ɗiga ɗigo a tsakiya ya ce ɗan tudu ne. Ta daɗe tana kallon ɗigon.

"Wa ke tsayawa a hagunsa?"

"Babu kowa, Doña."

"A damansa fa?"

"Babu. Wanda ya fi kusa da shi yana gabansa, ƙafa sittin da rabi, da hular kwano a kansa."

"Ashe shi ma shi kaɗai za ku ware."

"Shi kaɗai. Amma a tsakiya, ba a ƙarshen gona ba. Mutum takwas na nasa suna kewaye da shi, duk wanda ya shigo kallo shi yake kallo, kuma ba a fara komai sai ya ɗaga ƙafa."

Doña Eduviges ta goge hannuwanta a zaninta. Ta kira jikanta, ya zo ya durƙusa, ta ce ya ba ta hannun. Ta juya shi ciki da baya, ta taɓa yatsun ɗaya bayan ɗaya, kamar mai duba abin da ta ba da ajiya da daɗewa. Sannan ta kafa sharuɗɗanta: da dama zai ci abinci, da dama zai gaisa da mutane, da dama zai yi alamar gicciye, kuma in har ya dawo rake, da dama zai riƙe adda. Ƙwallo kaɗai ta sake masa. Ta juya ga baƙon ta ce, "Kai kuma, tsoho mai karkatattun yatsu, in ka sake dawo mini da shi, kada ka sa farar rigar nan. Ta ishe ni gani."

A jakar Don Primo kullum akwai ƙwallo ɗaya da igiya mai ƙulli a ƙafa sittin da inci shida. Suka ja igiyar a filin da ke tsakanin ɗakunan da shagon unguwa. Ya cire farar rigar ya rataye a kujera, ya karɓi safar yaron ya sa, ya tsuguna a karo na farko cikin shekara tara, gwiwoyinsa suka yi ƙara har matan da suka fito kallo suka yi dariya, wata ta ce a kawo igiya ta biyu ta ɗaga shi. Jifan farko ya wuce ta saman kansa ya faɗa kan kwanon shagon, mai shagon ya fito yana tambayar wa zai gyara masa rufi. Na biyu ya daki ƙasa. Na uku ya shiga safar, da wata ƙara da Don Primo bai ji irinta ba duk bazarar nan. Jifa goma sha biyu suka yi. Huɗu ne kawai suka zo inda ya ajiye safar, amma kowannensu sai ya kusa isowa yake zamewa gefe da kansa, abin da ake shekara ana koya wa wasu ba su samu ba. Da ya miƙe, da taimakon mutum biyu, yatsansa manuni ya kumbura. Ya buɗe littafinsa a sabon shafi ya rubuta: hannu, hamsin a yau, sittin da biyar in an yi aiki, saiti, ashirin.

Rogon da aka ɓare don karɓar mai dawowa shi aka dafa da busasshen kifi aka yi sallama da shi. Nicanor ya ci da dama, kakarsa na kallo.

Ran Asabar Plinio ya saurari labarin duka, ya ce tsufa ya fara taɓa Don Primo, ya tafi kai yaro gida ya dawo da shi. Takardar sunaye tara ba za ta canja ba, gado kuma babu. Don Primo ya ce bai nemi a canja ta ba, mai tsaron bayan fili Ozoria ya cancanci sallama kuma shi ya rubuta. Wanda ya kawo wani ne daban, mai jifa, bahago, ba a taɓa auna shi ba. Gado kuwa akwai a gidansa, na ɗansa da ya tafi New York. Ran Litinin da safe aka aro safar bahago daga ɗaya daga cikin bahagwai biyun makarantar, aka hau da Nicanor kan tudun, Plinio ya tsaya a bayan raga da na'urar auna gudun ƙwallo. Jifa talatin, goma sha ɗaya a kan saiti, mafi sauri mil tamanin da biyar a awa, daga hannun da bai taɓa atisaye ba. Plinio ya daɗe yana kallon lambar. Ya ce kwana casa'in zai bayar, ba ƙari, kuma kada Don Primo ya yi masa wannan kallon, shi da ya kasa gane hagu da dama shekara biyu.

An sake ɗaukar Nicanor Ozoria a matsayin mai jifa ranar ɗaya ga Disamba, 1987, mako biyu kafin a fara yanka a Cañada Honda. Ya yi shekara bakwai a ƙananan gasanni, ya tsaya mataki biyu ƙasa da babbar gasa, inda gwiwar hannunsa ta gaza a 1994. Ya dawo gida a shekarar, kuma tun 1996 yake koyar da masu jifa a Hato Mayor.